Tsakanin "Ya Yi" da "Bai Yi Ba": Yadda Lissafi Ke Auna Lafiyar Ruwanmu

(Kiɗan buɗe shiri)

Barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa kan lafiyar muhalli. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gusau, da na Tsafe, da na Bungudu, da duk inda muryarmu ke kaiwa a faɗin Jihar Zamfara.

Yau lissafi za mu taɓa. Kada wanda bai sha da daɗi ba a ajin lissafi ya yi saurin murɗa rediyonsa, domin lissafin yau na ruwan da ke cikin randarku ne. Tambayoyi biyu za mu bi. Ta farko, idan aka ɗebi ruwan rijiya aka kai ɗakin gwaji, da me masana ke yanke hukuncin cewa ya shawu ko bai shawu ba? Ta biyu, idan ƙaramar hukuma na da rijiyoyi 100 masu neman gyara, kuɗin da ke hannu kuwa na guda 10 ne kawai, da wacce za a fara?

Mu fara da ƙa'idar hukuma. A shekarar 2007 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, ta fitar da ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa, kuma yawancin alƙalumanta sun yi daidai da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙa'idar ta ce sinadarin naitiret, wanda ke shiga ruwa daga takin zamani da kashin dabbobi da masai, kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita. Dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita. Fulorayid, wanda idan ya yi yawa yake rina haƙoran yara, iyakarsa miligiram 1.5. Ƙwayar cutar da ke nuna cewa bayan gida ya taɓa ruwa, wadda masana ke kira E. coli, ita kuwa ba a yarda a ga ko guda ba a cikin mililita 100.

Waɗannan iyakoki suna da amfani ƙwarai, domin da su hukuma ke kama mai laifi. Amma ku saurari wannan misali. A ce an gwada rijiyoyi huɗu. Ta farko naitiret ɗinta 5 ne, ta biyu 49, ta uku 51, ta huɗu 120. Takardar sakamako za ta ce biyun farko sun ci jarrabawa, biyun ƙarshe sun faɗi. Ke nan ta haɗa mai 5 da mai 49 a layi ɗaya, alhali ɗaya tana nesa da haɗari, ɗayar kuwa tana bakin ƙofarsa. Ta kuma haɗa mai 51 da mai 120, alhali ta ƙarshen ta ninka iyakar fiye da sau biyu. Sannan ta raba 49 da 51, waɗanda kusan ruwa ɗaya ne. Na'urar awo kanta takan yi kuskuren da ya kai wannan ɗan bambanci. Kuma rijiyar da ta ba da 49 a watan Maris, ana tsakiyar rani, tana iya ba da wani abu dabam a watan Agusta, bayan damina ta wanke gonaki da bololi ta tura cikin ƙasa.

Akwai matsala ta biyu. Ruwa ba abu ɗaya ake dubawa a cikinsa ba. Akan auna dagulewarsa, da gishirinsa, da tsaminsa, da ƙarafan da suka narke a ciki, da ƙwayoyin cuta. Takarda mai layi 15 ko 20 cike da alƙaluma ba za ta yi wa hakimi ko kansila ko mai unguwa amfani ba. Shi ya sa tun a shekarar 1965 wani masani a Amurka mai suna Horton ya kawo shawarar a dunƙule dukan awon a maki ɗaya. A 1970 wata cibiyar tsabtar muhalli ta can Amurka ta fito da nata ma'aunin mai abubuwa tara, wanda ke ba ruwa maki daga 0 zuwa 100, kuma har gobe ɗalibanmu na jami'a suna amfani da shi a bincikensu. Wannan shi ake kira ma'aunin ingancin ruwa. Akwai irinsa na iska, akwai na ƙasar noma.

To, ina lissafin da muka yi alƙawari? A wannan shekara ta 1965 ɗin dai, wani malamin jami'a a Jihar Kalifoniya, Farfesa Lotfi Zadeh, wanda aka haifa a birnin Baku a 1921 ya kuma tashi a Iran, ya buga wata maƙala da ta kawo sabon salo. Kafin shi, lissafi ya saba da amsa biyu: abu yana cikin rukuni ko ba ya ciki, 1 ko 0. Zadeh ya ce akwai rukunoni da yawa a rayuwa waɗanda ba su da tsayayyar iyaka, kamar tsawo da zafi da tsufa da tsabta, don haka a bar abu ya shiga rukuni gwargwadon rabonsa: kashi 20 cikin 100, ko kashi 50, ko kashi 90. Wannan salo shi ake kira lissafin fazi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai sayen hatsi a kasuwar Tsafe ya ga irin wannan tunani. Zai zura hannu a buhun masara, ya ɗan ciza ƙwaya ɗaya, ya duba ƙaiƙayi da tsakuwa, ya sansana. Sai ka ji ya ce, "Ta bushe, amma da saura, kuma akwai ɗan datti." Ya haɗa wannan da wancan a zuciyarsa ya yanka farashi. Amma idan ya ji warin maganin ƙwari ya yi yawa, ko ya ga masarar ta yi funfuna, duk kyawun ƙwayarta zai ce a ɗauke. Abin da lissafin fazi ya yi shi ne rubuta irin wannan hukunci da alƙaluma, yadda kwamfuta za ta iya maimaita shi a kan rijiya 1,000 ba tare da gajiya ko son kai ba.

Da farko masana da dama sun yi masa kallon raini. Amma a 1975 Ebrahim Mamdani da abokin aikinsa a Landan suka sarrafa injin tururi da shi, a 1987 kuma aka ɗora jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Sendai a Japan a kansa. Daga nan masu nazarin muhalli suka ɗauka. A 2006 wasu masana a ƙasar Sifen suka yi amfani da shi wajen auna ingancin ruwan kogin Ebro, kuma tun daga lokacin ake ta gwada shi a koguna da rijiyoyin ƙasashe daban-daban.

Bari mu yi lissafin tare, a hankali. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai don fahimta. Matakai uku ne.

Mataki na farko, a mayar da kowane awo zuwa rabo. A ce masana sun zauna sun amince cewa naitiret ƙasa da 30 ba a kiransa mai yawa ko kaɗan, sama da 70 kuwa mai yawa ne ba tantama, tsakaninsu kuma rabon yana hawa sannu a hankali. Ke nan rijiya mai 40 ta shiga rukunin "mai yawa" da kashi 25. Mai 50 ta shiga da kashi 50. Mai 60 ta shiga da kashi 75. Ku lura, yanzu 49 da 51 sun dawo maƙwabtan juna kamar yadda suke a zahiri, 120 kuwa ta tafi can ƙarshe ita kaɗai. Ku kuma lura da wani abu: kashi 25 ɗin nan ba yana nufin wataƙila akwai naitiret, wataƙila babu ba. An auna, an san adadinsa. Abin da rabon ke faɗa shi ne iya kusancin wannan adadi da abin da muke kira mai yawa.

Mataki na biyu, a rubuta dokoki da magana irin ta mutane. Doka ta ɗaya: idan naitiret kaɗan ne kuma ruwan garau yake, to mai kyau ne. Doka ta biyu: idan naitiret ya yi yawa ko ruwan ya dagule, to abin tuhuma ne. Doka ta uku: idan naitiret ya yi yawa kuma ruwan ya dagule, to marar kyau ne. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, duk inda aka ce "kuma" sai a ɗauki ƙaramin rabo, duk inda aka ce "ko" sai a ɗauki babba.

Mu ɗauki rijiyar nan mai naitiret 40, mu ce ruwanta ya dagule da kashi 80. Ƙarancin naitiret ɗinta kashi 75 ne, garau ɗinta kashi 20. Doka ta ɗaya ta ɗauki ƙarami, ta ba da 20. Doka ta biyu ta duba 25 da 80, ta ɗauki babba, 80. Doka ta uku ta duba 25 da 80, ta ɗauki ƙarami, 25. Ke nan wannan rijiya tana da rabon 20 a kyau, 80 a tuhuma, 25 a muni.

Mataki na uku, a dunƙule su a maki ɗaya. Mu ba kyau maki 100, tuhuma 50, muni 0. Idan aka ninka 20 da 100 an samu 2,000. Aka ninka 80 da 50 an samu 4,000. Na muni bai ba da komai ba. Jimla 6,000. A raba da jimlar rabon, wato 125, sai a samu 48. Makin rijiyar 48 cikin 100. A tsohon salo, ta fuskar naitiret da an ce ta ci. A wannan salo an ce tana tsakiya, kuma an nuna dalili: dagulewa ce matsalarta. Mai unguwa zai san cewa bakin rijiyar ake buƙatar ɗagawa, a yi mata murfi da daɓen siminti, a kawar da kwatar da ke kusa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne kan yadda ake haɗa awon ruwa a maki ɗaya ta hanyar lissafin fazi. Yanzu kuma ga gargaɗi, kuma mu 'yan Zamfara mun fi kowa sanin nauyinsa.

A farkon shekarar 2010, Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, bayan zazzaɓi da amai da jijjiga. Da aka gwada jininsu sai aka gano gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna da abinci. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sunayen Dareta da Abare da Yargalma da Sunke da Bagega sun zaga duniya. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da ƙa'idar Amurka ta wurin wasan yara take 400. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Shikira da ke Jihar Neja.

Darasi biyu ke nan ga mai haɗa ma'auni. Na farko, ma'aunin nan na 1970 mai abubuwa tara babu dalma a cikinsa sam, domin koguna da matsalolin wata ƙasa aka duba aka tsara shi. Duk wanda ya ɗauko shi yadda yake ya ɗora a kan ƙauyen da ake niƙa dutsen zinare, zai iya ba ruwan maki mai kyau alhali guba na ciki. Na biyu, ko an saka dalmar, matsakaicin lissafi yana iya binne ta. A ce abubuwa tara aka auna, takwas kowanne ya samu maki 90, dalma ta samu 0. Idan aka tara aka raba da tara, amsar 80 ce. Takarda za ta ce ruwa mai kyau, yaro kuwa yana shan ajalinsa.

A nan ne dokokin fazi suka fi matsakaicin lissafi, muddin wanda ya rubuta su ya san abin da yake yi. Yana iya rubuta doka mai hawa kan sauran duka: idan dalma ta yi yawa, ruwan marar kyau ne, komai kyawun sauran awon. Haka ma ƙwayar cutar bayan gida, wadda ke share wa amai da gudawa da taifot hanya. Kuma rabon dalma ba zai jira a kai iyaka kafin ya fara hawa ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Tarihin iyakar dalma a jini kansa ya isa shaida. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa ta a maikirogiram 10 a kowace desilita ta jini a 1991, ta sauko da ita zuwa 5 a 2012, ta sake saukowa zuwa 3.5 a 2021. Gubar ba ta canza ba a tsawon waɗannan shekaru, sanin mutane ne ya ƙaru.

Aikin tsabtace ƙauyukan nan ma bisa mataki-mataki aka yi shi. An bi gida-gida ana awo. Inda abin ya yi muni aka kankare ƙasar aka kwashe, aka zuba sabuwa. Inda yake dama-dama aka rufe da ƙasa mai tsabta. Yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su aka fara ba magani. Duk inda kayan aiki suka yi kaɗan, sanin wa ya fi wa buƙata shi ke ceton rai.

Yanzu mu dawo gida. Idan za a gina wa garuruwanmu uku irin wannan ma'auni, bai kamata dokokinsu su zama iri ɗaya ba.

A Gusau, cunkoso ne abin dubawa. Garin ya bunƙasa tun da ya zama babban birnin jiha a 1996, rashin tsaro kuma ya koro jama'a da dama daga ƙauyuka zuwa cikinsa. Filaye sun matse, masai da rijiya suna kusantar juna, alhali ƙa'idar da masu aikin tsabta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 a tsakaninsu. Gidaje da yawa daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari da Samaru sun dogara da 'yan ga-ruwa, don haka ba bakin burtsatse kaɗai za a auna ba, har da jarkar da ke kan kura da randar da ke cikin gida. A nan ƙwayoyin cuta da naitiret ya kamata su fi nauyi. Idan kuma na iska ne, a haɗa ƙurar hunturu da hayaƙin janareta da na ƙona bola da na itacen girki.

A Tsafe da kewayenta ƙasar duwatsu ce. Ruwan ƙasa yana zaune ne a cikin rububin dutse da tsagoginsa, rijiyoyi da yawa ba su da zurfi, kuma sukan ja baya da rani. Ma'aunin can ya kamata ya kula da abin da ke narkewa daga dutse, ya kuma kula da bambancin rani da damina, domin awo ɗaya a shekara ba zai faɗi gaskiyar irin wannan rijiya ba.

Bungudu kuwa tana ƙasa da Gusau a kan Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya wuce zuwa madatsar Bakolori. Abin da aka zubar a gulbi a Gusau, mutanen Bungudu yake tararwa. Ga kuma noman rani a fadama, da takin zamani da maganin feshi. Ma'aunin can ya kamata ya raba hukunci uku: ruwan sha, ruwan ban-ruwa, da ruwan shayar da dabbobi. Ruwan da ya faɗi a na farko yana iya cin na biyu.

Sai dai kada mu ɗora wa lissafi abin da ba zai iya ɗauka ba. Mutane ne ke zaɓar inda rabo zai fara hawa da inda zai ƙare, mutane ne ke rubuta dokokin. Masana biyu suna iya ba rijiya ɗaya maki daban idan dokokinsu sun bambanta. Maganin wannan shi ne a rubuta dokokin a fili kowa ya gani, kuma a zauna a tsara su tare: masanin sinadarai, da likita, da jami'in duba-gari, da mai haƙar rijiya, da matan gida waɗanda su ne suka fara sanin ranar da ɗanɗanon ruwa ya sauya. Kuma makin ba ya soke ƙa'idar SON. Ruwan da ya wuce iyakar doka ya wuce, makin fazi jera matsaloli yake yi don a san ta inda za a fara. Uwa-uba, idan ba a ɗebi ruwa an gwada ba, babu abin da za a lissafa. Kwamfuta ba ta san abin da ke cikin rijiyar da ba a auna ba.

Ga abin da kowa zai iya yi tun yau. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma ko naitiret, hasali ma idan ruwan ya ƙone sai su ƙara kauri. Don haka uwar da ke dama wa jariri madara ta tabbatar da tushen ruwanta, domin jarirai 'yan watanni ne naitiret ya fi yi wa illa. Ruwa garau mai daɗin sha yana iya ɗauke da dalma, ido da harshe ba sa gane ta. Kada a daka ko a niƙa dutsen ma'adinai a cikin gida ko a injin hatsi, kuma mai aikin haƙa ya wanke jikinsa ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. A rufe bakin rijiya, a ware mata guga ɗaya, a rataye shi kada ya kwana a ƙasa.

Kiranmu na ƙarshe ga hukumomi ne da masana. Muna da Jami'ar Tarayya a Gusau, wadda aka kafa a 2013, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, da kwalejin koyon aikin lafiya a Tsafe. Muna da hukumar ruwa ta jiha da ma'aikatar muhalli. Lissafin da muka yi yau ɗalibi mai ƙaramar kwamfuta zai iya tsara shi. Abin da ya rage shi ne a riƙa gwada rijiyoyi da burtsatse na unguwanni sau biyu a shekara, da rani da damina, a saka dalma a cikin abin da ake aunawa, a fitar da makin kowace rijiya tare da dalilinsa da Hausa, a liƙa a ofishin hakimi da bakin asibiti. Ku kuma masu sauraro, idan aka zo haƙa muku burtsatse, ko na gwamnati ne ko na ɗan siyasa ko na mai neman lada, ku tambaya a nuna muku takardar gwajin ruwansa kafin yaranku su fara sha.

A nan za mu dasa aya. Sai Allah Ya kai mu mako na gaba.

(Kiɗan rufe shiri)